Zama na Uku

"Takarda kike nema, 'yar nan, ba ɗana ba."

Teta Fikreta, wato Inna Fikreta a yarensu, uwar saurayina, ta faɗi maganar tana tsiyaya min gahawa, ko ɗigo bai zuba a faranti ba.



Senad ya miƙe tsaye har kujera ta kusa kifewa.

"Mama!"

"Zauna, ban gama ba." Ta ajiye butar ta dube ni. "An ce jarrabawa ɗaya ta rage a kore ki daga jami'a. An ce in an kore ki, izinin zamanki a Jamus ya ƙare. Sai ga ɗana mai fasfon ƙasar nan ya zo min da zancen aure nan da wata guda. Ni yarinya ce?"

Ni dai ina kallon dunƙulen sukarin da ke gefen kofina.

Ya kamata in ji zafi, na san ya kamata. Na lalubi zuciyata kamar mai neman makulli a jaka, ban tarar da komai ba.

Amra tana ɗaya gefen teburin. 'Yar aminiyar Teta ce, ajinmu ɗaya da ita da Senad a sashen injiniyanci. Ta sunkuyar da kai tana gutsurar pita, wani abincin fulawa na ƙasarsu, kamar ba ita ta kawo wa Teta labarin ba.

"Rihab, ki yi magana mana!" in ji Senad. "Ki gaya mata ni na ce mu gaggauta, ba ke ba!"

"Gaskiya ta faɗa," na ce. "Jarrabawa ɗaya ta rage."

"Ka ji ko?" in ji uwarsa.

Na shanye gahawar, don ba a barin gahawar mutane. Na ce na gode, na sa takalmina a bakin ƙofa na sauka.

A tashar tiram, jirgin ƙasan cikin gari, ya cim min, ko rigar sanyi bai ɗauko ba.

"Mai Tafi, tsaya... Don Allah tsaya."

"Ai a tsaye nake. Saura minti bakwai ya zo."

"Ki manta da maganarta. Mama haka take, bakinta ya fi zuciyarta sauri. Mu je ofishin ɗaurin aure mu sa rana, ko ta so ko ba ta so ba."

"A'a."

"A'a?"

"In na aure ka kafin jarrabawar nan, maganarta ta tabbata ke nan. Har mu tsufa, duk ranar da muka yi faɗa za ka tuna."

"Wallahi ba zan..."

"To ni zan tuna."

Ya dafe kai. "In kuma kika faɗi fa?"

"In koma gida Sfax."

"Shi ke nan? Haka kawai? Kamar kina karanta min jadawalin jirgi!" Muryarsa ta karye. "Rihab, kina sona ma kuwa?"

Na dube shi. Dogon nan mai gashi kamar an yi dambe a cikinsa, wanda da ganinsa kawai ke sa in manta abin da zan faɗa.

"Na san ina sonka," na ce. "Yadda na san lambar ɗakina."

Ya yi baya kamar na mare shi.

"Sati shida, Senad. Kada ka kira ni."

Tiram ya zo na shiga. Ban waiwaya ba, kuma ba jarumta ba ce, kawai bai zo min a rai in waiwaya ba.

*

Da ba haka nake ba. Da ni ce mai surutun da 'yan hawa na huɗu na gidan ɗalibanmu suke rufe ƙofar kicin saboda ita.

Ranar farko da na shiga babban ɗakin lacca, mu kusan dubu ne a zaune kamar hatsi a buhu. Malami ya gama, ni kuwa 'yar Sfax ta ƙasar Tunisiya da aka koya wa ladabi na miƙe na kama tafi raf raf raf. Ni kaɗai. Sauran mutum ɗari tara da 'yan kai suna ƙwanƙwasa tebur da bayan yatsu, yadda ake yi a nan.

Na so ƙasa ta tsage.

Na kusa da ni ya sunkuyo ya ce, "Ci gaba mana, Mai Tafi. Malamin nan tun da ya fara aiki ba a taɓa yi masa biki ba."

Senad ke nan. Shi ya koya min cewa in an rubuta lacca ƙarfe goma, goma da kwata ake nufi, amma in ofis ya rubuta goma, goma saura biyar ake nufi. Shi ya nuna min layin da ya fi sauri a Mensa, ɗakin cin abincin jami'a, ya nuna min wata mata mai farar hula tana zuba miya kamar tana yanke hukunci, ya ce, "Waccan uwata ce, kada ki nemi ƙari." Shekara biyu muna karatu tebur ɗaya kafin ya iya buɗe baki ya faɗi abin da duk sashenmu ya riga ya sani.

A jami'ar nan mai ɗalibai sama da dubu arba'in, kowace jarrabawa zama uku ne. Ka faɗi na uku, an rufe maka fannin a duk faɗin ƙasar. Ɗan ƙasa sai ya canza fanni ya ci gaba da rayuwarsa. Irinmu kuwa sai ya fara neman kwalin haɗa kaya.

Tawa ƙaddarar ita ce Thermo, darasin zafi da injuna, wanda muke kira Mahauci. Na faɗi zaman farko kamar rabin ajin, muka yi dariya muka sha shayi. Zama na biyu aka sa shi a watan Fabrairu, kuma na shirya masa har ina mafarkin tururi.

A ƙarshen Janairu na gaya wa Baba zancen Senad a waya.

Baba makanikin injin jiragen kamun kifi ne, "Injiniyata" yake ce min tun ina miƙa masa sifana da hannu biyu. Na ce masa in ya amince, ofishin ɗaurin aure na nan zai nemi takardar haihuwata daga gida.

"Na tura ki ki kawo min digiri, kin kawo min ɗan Bosniya?" ya ce.

"Baba, musulmi ne, mutumin kirki ne..."

"Mutanen kirki sun ƙare a Tunisiya ne?"

Ya kashe wayar.

Ni ma 'yarsa ce, taurin kai a jini yake. Ban kira ba, bai kira ba. Kwana goma sha ɗaya bayan nan zuciyarsa ta tsaya a garejinsa, da rana tsaka, hannunsa duk baƙin mai.

Saura kwana biyu jarrabawa. Senad yana neman min tikiti, Amra ta zo ɗakina ta rungume ni. Na cike takardar janyewa daga jarrabawar, ta karɓe daga hannuna.

"Ki tafi kawai, 'yar'uwa. Ni zan kai ofishin jarrabawa da kaina."

Na tafi. An riga an binne shi kafin in isa. Mata suna kuka, Ummi tana kuka, ƙannena suna kuka, ni ina zuba wa baƙi ruwa. Wata gwaggona ta ce, "Turai ta busar da idon yarinyar nan." Ban musa ba.

Da na dawo, na buɗe akwatin wasiƙuna a ƙasan bene. Ambulan ɗaya ne a ciki, da kan sarkin Tunisiya, da rubutun Baba mai karkata kamar zai faɗi.

Ya aiko ta kafin ya rasu.

Na san abin da mutum mai fushi yake rubutawa. In na buɗe, shi ne maganarsa ta ƙarshe gare ni har abada.

Na sa ta a aljihun tebur. Washegari wata wasiƙa ta zo, na ɗora a kanta. Daga nan duk abin da ya zo a ambulan, can yake tafiya. A ƙasar da ko gaisuwa sai an aiko ta a rubuce, ni na daina buɗe wasiƙa.

Sai a watan Mayu, muna rajistar jarrabawa, Senad ya leƙa allon kwamfutata ya ga an rubuta na faɗi zama na biyu saboda rashin zuwa. Takardar janyewar ba ta taɓa isa ofishin ba. Ya tambaye ni yadda aka yi, na ce ban sani ba. Faɗin sunan Amra zai jawo magana, ni kuma ba ni da ƙarfin magana.

*

Sati shidan nan na yi su kamar agogo.

Ƙarfe takwas ina bakin ɗakin karatu tare da 'yan Sin da 'yan Indiya masu rige-rigen tebur kusa da taga. Ƙarfe ɗaya Mensa. Ƙarfe biyu in koma. Da yamma in wuce kicin ɗin hawanmu, 'yar Kamaru tana soya ayaba, ɗan Brazil yana faɗa da ɗan Iran a kan wanda bai fitar da shara ba, in ce sannunku in shige.

Senad ya riƙe alkawari, bai kira ba. Amma kullum sai in tarar da tsoffin tambayoyin Mahauci a kan teburina, an warware su da rubutunsa, ba suna ba gaisuwa. A ƙasan ɗaya ya zana hannu biyu suna tafi. Na kalla, na juya shafin.

A Mensa kuwa ba yadda zan kauce wa Teta Fikreta, layin marasa cin naman alade nata ne. Takan zuba min ba ta dube ni ba, in ce na gode ban dube ta ba. In zauna minti ashirin a gaban tiren, in mayar da shi yadda yake.

Ranar Asabar ta sati na huɗu, da hantsi, aka buga min ƙofa.

Ita ce, da tukunya naɗe a tawul.

"Matsa," ta ce.

Na matsa. Ta dubi ɗakin, gado, tebur, taga, duka taku huɗu ne.

"Kwana goma sha tara ina zuba miki abinci kina mayarwa. Kin san mutum nawa ke feraye dankalin nan tun ƙarfe shida?"

"Ki yi haƙuri, Teta."

"Ba haƙuri na zo nema ba. Ɗana ma ya daina ci, gida ya koma kamar makabarta. In za ku mutu ku mutu da ƙiba, kada a ce ban iya girki ba. Ina cokali?"

"A aljihun tebur... a'a, ba wannan ba!"

Ta riga ta jawo.

Ambulan suka zubo ƙasa, farare da masu ruwan toka, duk a liƙe.

Ta tsaya tana kallonsu. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta zauna a bakin gadona a hankali.

"Tun yaushe?"

"Fabrairu."

"Ba ni wuƙa."

Na miƙa mata wuƙar yanka burodi. Ta sa tabarau, ta fara farke su ɗaya bayan ɗaya tana kasa su kashi uku a kan bargo.

"Wannan shara. Wannan shara. Wannan inshorar lafiya ce, amsa suke so, ranar Litinin. Wannan shara..." Ba ta ɗago ba ta ci gaba. "Shekarar da muka gudo daga yaƙi, izinin wata uku-uku ake ba mu. Duk wasiƙar da ta zo sai in ce ita ce ta kora. Na cusa su a bayan firiji, wata biyar. Wata tsohuwar Bajamushiya maƙwabciyarmu ce ta zo da wuƙa kamar haka, ba ta ko iya faɗin sunana."

Ta jefa wata cikin na shara, ta ci gaba.

"Ƙanena kuma wata ta aure shi, ta samu takardarta, ta bar shi da yara biyu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake." Ta farke wata. "Ba haƙuri nake ba ki ba, labari nake ba ki."

"Na gane."

Ta tsaya a kan wata mai hatimin jami'a. Ta karanta sau biyu.

"Ofishin jarrabawa. Sun ce ba ki zo ba, ba ki aiko da dalili ba. Sun ba ki wata guda ki kawo ƙorafi." Ta duba kwanan watan. "Ya wuce tun Afrilu. Innalillahi! Ubanki ya rasu, takarda ɗaya za ki kai a yafe miki zaman nan. Me ya hana ki kaiwa kafin ki tafi?"

"Na cike. Amra ta karɓa ta ce za ta kai."

Ta cire tabarau.

"Amra."

"Wataƙila mantawa ta yi."

"Amra ta ce min da gangan kika ƙi zuwa, don ki tura ɗana bango." Ta ninke wasiƙar daidai yadda ta zo. "Yarinyar da ba ta taɓa manta ranar haihuwar kyanwata ba."

"Ko ma mene ne, bakin alƙalami ya bushe."

"Ke ba ki jin haushi?"

"Ina so in ji, Teta. Ba ya zuwa."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ɗauko ta ƙarshe, wadda ke can ƙasa, ta juya ta ga kan sarkin.

"Wannan fa?"

"Ta Baba ce."

Ta dubi hatimin gidan waya, na ga tana lissafin kwanakin a ranta. Ta ajiye wuƙar.

"Wannan ba tawa ba ce." Ta sa min ita a hannu ta rufe yatsuna a kai. "Yanzu ci. Ina zaune har ki ga gindin kwanon."

Na ci. Miyar kaza ce da kuɓewa. Ban ji ɗanɗanonta ba, amma na gama.

Ranar Litinin Amra ta tare ni a matakalar ɗakin karatu, idonta ja.

"Kin haɗa ni da Teta, ko? Ta kira uwata! Senad ko kallona ba ya yi!"

"Tambayata aka yi."

"Tun muna shekara biyar ake cewa ni ce matarsa. Ke kuma daga zuwa..." Ta haɗiye sauran maganar. "Takardar tana jakata sati biyu. Kullum sai in ce gobe."

"To."

"To? Abin da za ki ce ke nan? Ki zage ni mana!"

"Za a kama min tebur," na ce, na wuce.

*

Ranar jarrabawa, goma sha huɗu ga Agusta, aka raba mu a babban ɗakin nan da na taɓa yin tafi. Ana barin kujera biyu tsakanin kowa da kowa. Mai gadin jarrabawa ya duba katina, ya ga alamar zama na uku a takardarsa, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kina jin kina da lafiyar rubutawa?" Dole ne su tambaya.

"E," na ce.

Na kusa da ni biro sai faɗuwa yake daga hannunsa. Ni ko gezau. Wannan ne kaɗai amfanin da mutuwar zuciya ta yi min. Wasiƙar Baba tana jakata a bakin ƙofa, a liƙe.

Tambaya ta huɗu a kan injin jirgin ruwa ce da ke yin zafi fiye da ƙima. Na daɗe ina kallonta. Na ji ƙamshin baƙin mai da gishirin teku, sai ya wuce. Na rubuta abin da na sani.

Sakamako ya ɗauki sati biyar.

Ya fito ranar Talata, ƙarfe ɗaya saura, ina cikin layin Mensa da tire a hannu. Wayoyin 'yan ajinmu suka yi ƙara lokaci guda, wani ya yi ihu a baya, wata ta zauna a ƙasa. A nan ɗaya ce mafi kyau, biyar faɗuwa ce, huɗu kuwa ita ce tsallake rijiya da baya.

Na duba.

Huɗu.

Na mayar da wayar aljihu na matsa gaba da layi.

Teta Fikreta ta ɗago ludayi, ta ga fuskata, ba ta karanta komai a ciki ba.

"Ya fito?"

"Ya fito."

"To faɗa min mana, 'yar nan, za ki kashe ni!"

"Huɗu."

Ta saki ludayin cikin miya har ta fantsama. Ta cire safar hannunta. Ta dunƙule yatsu ta fara ƙwanƙwasa kantar ƙarfen nan da ke tsakaninmu.

Ƙwan ƙwan ƙwan.

"Zama na uku!" ta faɗa wa layin da muryar da take korar masu neman ƙari. "Mahauci! Ta ci!"

Ba wanda ya san ni a layin, amma kowa ya san abin da zama na uku yake nufi. Na bayana ya fara buga tirensa. Sai na bayansa. Sai teburan kusa, 'yan Sin, 'yan Turkiyya, Jamusawa masu baki cike da dankali, ƙarar ta bi ɗakin kamar ruwan sama a kan kwano.

Cikin ƙarar nan na ji wani abu daban. Mutum ɗaya yana tafi, raf raf raf, shi kaɗai, a tsaye kusa da inda ake mayar da tire.

Senad. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa.

Ya taho ya tsaya taku biyu daga gabana.

"Sati shida kika ce, Mai Tafi. Yau sati goma sha ɗaya."

"Ka iya lissafi."

"Masoyiyata... yanzu fa?"

Na ajiye tiren, na buɗe jaka na ciro ambulan ɗin. Gefunansa duk sun lanƙwashe.

"Teta, ara min wuƙa."

Ta bar layin, abin da aka ce ba ta taɓa yi ba cikin shekara ashirin da biyu. Ta zagayo ta jawo ni teburin lungu, ta miƙo min wuƙar cin abinci. Senad ya zauna a gabana.

Na farke.

Takarda biyu ne. Ta farko mai kauri ce, da hatimin ƙaramar hukumarmu.

Takardar haihuwata.

Ta biyu an yago ta ne daga littafin gareji, da shatin babban yatsa na baƙin mai a kusurwa.

*Injiniyata,*

*Ga takardar da kika ce. Na sa sun buga hatimi biyu, an ce Jamusawa ba sa yarda da ɗaya. Fushina na kwana uku ne, kin sani, amma ban iya kira ba, ke ma kin sani. Ki kawo shi da bazara. In ya iya riƙe sifana na ba shi, in bai iya ba ki koya masa. Ki gaida uwarsa, ki yi mata biyayya.*

*Injin jirgin Si Mongi yana zafi, na rasa dalili. In kin gama jarrabawar zafin nan ki kira ki gaya min.*

*Babanki.*

Na karanta har ƙarshe.

Na san dalilin. Tambaya ta huɗu ce. Na san amsar, har na ci maki a kanta.

Hannuna ya tafi aljihu da kansa ya ɗauko waya. Na nemo sunansa, yatsana yana kai, sai na tsaya.

Wata bakwai ke nan da rasuwarsa.

Wata ƙara ta fito daga ƙirjina wadda ban san tawa ba ce.

"Baba... Baba! Wayyo Baba, na san dalilin..."

Na kifa kai a teburin Mensa, tsakanin gishiri da tiren wani, na yi kukan da ban yi a Sfax ba. Komai ya dawo lokaci guda, zafin, kunyar, haushin Amra, yunwa, kewar Ummi, da son dogon nan da ke gabana yana kuka kamar shi aka yi wa mutuwar. Ya yi ciwo, wallahi ya yi ciwo, amma na gode wa Allah da ciwon.

Teta Fikreta ta jawo kaina ƙirjinta. Rigarta tana warin albasa.

"Yi, 'yata. Yi ki gama. Ba inda za mu."

Da na ɗan lafa, na fassara musu wasiƙar, ina yi ina shessheƙa. Teta ta ɗauki ambulan ɗin ta sake duba hatimin gidan waya. Uku ga Fabrairu. Kafin mutuwa, kafin faɗuwa, kafin a san za a yi zancen kora.

"Na ci haƙƙinki," ta ce. "Wannan karon haƙuri nake ba ki."

"Ya wuce, Teta."

"Mama za ki ce." Ta juya kan ɗanta. "Kai kuma share hancinka, mutane na cin abinci."

Senad ya share. "Rihab, ban iya riƙe sifana ba."

"Na sani," na ce. "Na ga yadda kake gyaran kekenka."

"Za ki koya min?"

"Zan koya maka."

"Don kin san kina sona, ko don..."

"Don ina jinsa, Senad. A nan. Har yana hana ni numfashi."

Teta, wadda ba ta iya ganin takarda ta ƙyale, ta riga ta sa tabarau tana duba ta haihuwar. Na ga fuskarta ta canza.

"Me ya faru, Mama?" na ce.



"Ofishin ɗaurin aure ba sa karɓar wadda ta wuce wata shida da bugawa."

An ɗaura aurenmu a watan Nuwamba, da sabuwar takarda da ƙanena ya aiko, mai hatimi ɗaya, kuma suka karɓa ba musu. Ummi ta zo, ita da Mama Fikreta suka yi kwana huɗu suna gardama a kan gishirin miya, ba mai jin yaren wata.

Ta Baba tana bangon falonmu, a cikin gilashi, da hatiminta biyu. Ba ofishin da zai karɓe ta a duk faɗin Jamus, amma da ita aka ba da ni.